Ganyen Bijimin Gari

Daga Radko zuwa ga Yaya Milusha, a Novgorod

Gaisuwa da rusunawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Stoyan da yara. Mu nan ƙalau muke. Matata Dobrava tana gaishe ki, 'yan matanmu biyu kuma sun ce in tambaye ki ko kin manta da duwatsun wuyan da kika yi musu alkawari.

Sanyin bana ba a magana. Tun bayan Kirsimeti bai sassauta ko yini ɗaya ba. Jiya na kai wa icce sara, gatarin ya dawo mini kamar dutse na sara. Amma hanyar kan kogi ta daskare sosai, shi ya sa Jirko mai kifi yake ta zirga-zirga, shi ne kuma zai kawo miki wannan ɓawon itacen da na yi rubutu a kai.

Bana layi ya zo kaina, ni nake riƙe da Buyan, bijimin gari. Shi kaɗai ya rage mana tun da kyarketai suka kashe ɗan'uwansa da kaka. In ba shi ba, sai an yi tafiyar kwana biyu cikin fadama kafin a ga wani, kuma ba mai ba da aron bijimi. Gidaje goma sha huɗu kowa ya kawo rabonsa kamar kullum, ingirici da damin busasshen ganye, kowane gida da irin ƙullinsa. Inna Gostena da jan zare ta ɗaure nata, ba ta tafi ba sai da ta ga na jera su a saman ɗakin shanu. Ta ce, "Ka dai kula, ɗan Hotan. In ya mutu a hannunka, babu maraƙi babu nono baɗi, kuma kai za mu ɗaura wa ƙaho mu sake ka cikin shanu." Bakinta yana nan yadda kika bar shi.

Ga wani labari. Akwai losi, ƙaton naman dajin nan mai ƙaho kamar rassan itace, a dajin bayan tafki, namiji. Sawun kofatonsa ya fi tafin hannuna, kuma inda ya ɓare jikin itace sai na yi ɗage kafin in taɓa. Na gyara tsohon ramin Baba, na kafa sanduna masu tsini a ƙasa, na rufe. In Allah ya ba ni shi, kowa a ƙauyen nan zai ci nama kafin Babban Azumi.

Sai 'yar magana ƙarama. Laima ta shiga wurin abincin shanu, wani ɓangare ya lalace. Ba abin tashin hankali ba ne. Amma in Stoyan yana da rarar ingirici, ko amalanke ɗaya ne, ya aiko ta hannun Jirko. Kada a yi ta yayatawa, kin san mutanenmu.

Na aiko miki da zuma kaɗan. Ki huta lafiya.

Ƙaninki, Radko.

Daga Milusha zuwa ga Radko

Ina gaishe ka, ina gaishe da Dobrava da yara. Zuma ta iso, na gode. Duwatsun wuya suna cikin ƙullin nan, shuɗin na babbar ne, kada su yi faɗa.

Radko, laima? A sanyin da gatari ke dawowa daga jikin icce? Ni ma a gidan nan aka haife ni. Baba ne ya yi jinkar ɗakin shanun nan, ni na riƙa miƙa masa ciyawa, kuma shekara ashirin ba a taɓa jin ko dami ɗaya ya yi wari ba. Tun kana ƙarami, in za ka yi ƙarya sai ka fara da dogon labari mai daɗi, ka ajiye ƙaryar a ƙarshe kamar a bakin ƙofa ka tuna ta. Na karanta wa Stoyan. Da na zo wurin "'yar magana ƙarama" sai ya ajiye fatar da yake gogewa ya ce, "To, ga ta nan ta iso."

Ingirici kuwa, bana babu. Ruwa ya cinye fadamun tafki lokacin yanka, ɗan abin da Stoyan ya samu na dokinsa ne, shi ma da ƙyar zai kai. Masu shanu biyu a unguwarmu duk sun yanka ɗaya.

Ban ce ba za mu taimaka ba. Na ce ka gaya mini me ya faru, nawa ya rage, kwana nawa zai kai. Daga yau zuwa ranar Waliyyi Yuri da ake fitar da shanu kiwo, mako goma sha ɗaya ne. Na ƙirga, kai ma ka zauna ka ƙirga.

Batun losi kuma, Baba ya ƙare rayuwarsa yana gadin ramin nan, sau biyu kawai ya samu. Wanda aka ba amanar bijimi ba ya yini a daji.

Allah ya kiyaye ku.

Yayarka.

Daga Radko zuwa ga Yaya Milusha

Gaisuwa da rusunawa. Yaya, ya faɗa!

Saura kwana uku a daina cin nama, na je da hantsi na hango rufin ramin ya ɓurma, tururi yana tashi daga ciki. Na leƙa, ga shi nan, girmansa ya fi dokin limamin coci. Tsini ɗaya ya shige shi ta haƙarƙari amma yana numfashi. Na ƙarasa shi da mashi, na sheƙa gida. Mu takwas muka fito da shi gunduwa-gunduwa.

Da kin ga rabon. Baba Kosnata, dattijonmu, ya kasa naman kashi goma sha huɗu a kan ƙanƙara a ƙofar coci. Aka ce Inna Gostena ta juya baya ta riƙa kiran gidaje. Shi ya nuna kashi ya ce, "Wannan na wa?" ita ta faɗi suna. Da ya nuna wanda hanta ke kai, kafin ya rufe baki ta ce, "Nawa." Sudila maƙeri ya ce, "Inna, wallahi akwai ido a ƙeyarki." Ta ce, "Babu ido, ɗan nema, hanci ne. Haƙori biyu suka rage mini, kana so in kira sunana a kan ƙashi?" Har liman sai da ya dara.

Ni aka bar mini fata da harshe da zuciya, kamar yadda ake yi wa mai rami.

Da rana aka taru gidan Baba Kosnata, aka fito da giyar zuma. Yara suna ta lasar yatsu, wasu rabonsu da maiƙo tun kaka. Baba Kosnata ya miƙe da ƙoƙo a hannu ya ce, "Hotan ya tafi amma ya bar mana ɗa. Yana ciyar da bijiminmu a gida, ya shiga daji ya ciyar da mu. Ku faɗa mini wane ƙauye ke da irinsa." Aka yi ta buga tebur. Aka zaunar da ni a kujerar da ke ƙarƙashin hoton waliyyai, inda Baba bai taɓa zama ba.

Sudila ya matso ya ce, "Yaya mutuminmu Buyan? Gobe zan leƙo in gaishe shi." Na ce ya yi zamansa, ƙoshi ya sa Buyan ya fara faɗa, ko ni sai da sanda nake shiga. Ya ce, "Haka muke so. Ya ajiye faɗan sai ya ga shanu."

Ban iya cin abin kirki ba. Dobrava ma ba ta daɗe ba ta tashi.

Na aiko miki da cinya, na sa mata gishiri, za ta kai har bayan azumi. Fatar kuma ta Stoyan ce gaba ɗayanta. Ba a samun irinta kullum, shi ya sani. Ya duba ko wani zai karɓi fatar ya ba da ingirici. Ko rabin amalanke ne.

Tambayarki kuwa, zan ba ki amsa in mun haɗu. Ɓawo ba ya ɗaukar dogon bayani.

Ƙaninki, Radko.

Daga Dobrava zuwa ga Yaya Milusha

Ina gaishe ki, Yaya. Ki yi haƙuri da rubutuna, ke kika koya mini, kin san iyakarsa. Radko bai san na rubuta ba. Na ce wa Jirko maganar mata ce.

Babu laima. Ganyen Buyan ya kwasa ya kai rami.

Da farko dami biyar ya ɗauka. Ya ce a hunturu losi ɓawo kawai yake samu, in ya ji ƙanshin koren ganye ba zai iya wucewa ba. Ya ce aro ne, in dabbar ta faɗa zai kai nama ƙauyuka ya musanya da ingirici ninki uku. Na ce ba namu ba ne. Ya ce shi ma Buyan ba zai ƙirga ba.

Losin ya fi shi wayo. Yakan zo ya tsaya a gefe ya miƙa wuya ya cinye, ya tafi. Radko ya ƙara, ya matsar da shi tsakiya, ya sake ƙarawa. Kullum ya dawo sai ya ce saura kaɗan, jiya har ƙafa ɗaya ya sa. Mako bakwai ana haka. Yakan kwance dammunan ya ɗora ganyen a kan abin jan icce ya rufe da buhu, mutane suna tsammanin icce zai yo. Ranar da na ga ya sauko da masu jan zare, na Inna Gostena, na tsaya a ƙofa. Ya ce in matsa. Na matsa. Wannan laifin nawa ne, ban ɓoye miki ba.

Da ganye ya ƙare, Buyan ya koma kan ingirici zalla, shi ma ya ƙare. Muka ba shi na saniyarmu. Yanzu su biyun bunun jinka suke ci. Radko yana zare shi ta bayan ɗaki, ɓangaren da ke kallon daji, don kada a gani daga hanya. In kin shiga kina ganin sama.

Bayan rabon nama ya ɗauki kasonmu ya zaga ƙauye uku. Ba wanda ya ba shi ko runguma ɗaya. Wani tsoho ya ce masa, "Ɗana, saniyata ba ta cin nama." Ga shi kuma azumi ya shiga. Ya dawo da naman yadda ya tafi da shi.

Buyan yana tashi, amma sai ya daɗe a kan gwiwa. Ana ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa. Radko ya sa sakata, ya ce wa yara in an tambaya su ce yana faɗa. Jiya ƙaramar ta tambaye ni, "Mama, da wa yake faɗan?"

Na ce ya je ya gaya wa Baba Kosnata. Ya ce bayan an zaunar da shi a waccan kujerar? Ya ce gara ya shiga ramin da kansa. Ba ya cin abinci. Mata suna tare ni a rijiya suna yi mini godiyar nama, ni kuma ina cewa ba komai.

Saura mako shida. In ingirici zai zo, shi so yake a rufe shi da fatu, kamar Stoyan ne ya zo sayen fata. Ni dai ya zo ko yaya ne.

Ƙanwarki, Dobrava.

Daga Milusha zuwa ga Radko

Gaisuwa. Na san komai. Kada ka taɓa Dobrava da ko kalma ɗaya, ita kaɗai ce mai hankali a gidan nan.

Cinyar da ka aiko na yanka na raba wa maƙwabta uku. Na tsaya a tsakar gida ina cewa ƙanena ne ya kashe, shi kaɗai, a ramin mahaifinmu. Yanzu ragowar tana rataye a ɗaki, ba na iya kallonta. Ganyen da tsohuwa ta hau itace ta yanko da hannunta, ta shanya, ta ɗaure da zare, shi ka kai wa dabbar daji har bakinta.

Amma ba faɗa ne zai tashi bijimi ba, don haka ka ji yadda ake ciki. Stoyan ya raba abincin dokinsa biyu ya ɗaure rabi a kan amalanke. Ya rufe da fatu ma, yadda kake so, duk da na ce ba sai ya taya ka ɓoyo ba. Ya fita shekaranjiya da safe. Bai kai bakin tafki ba ya tarar ƙanƙara ta yi baƙi, ruwa yana kwance a kanta. A gabansa amalanken wasu masu gishiri ya nutse da doki, da ƙyar aka ciro mutanen. Ya juyo. Hanyar kogi ta mutu, Radko. Ta tudu kuma ba abin da zai bi ta sai ƙafa. Kwalekwale ba zai taso ba sai ƙanƙara ta gama tafiya, lokacin nan kuwa ciyawa ta riga ta fito, ko Buyan ya riga ya mutu.

Babu ingirici da zai zo daga nan. Ka karanta wannan layin sau biyu.

Abincin da zai tsayar da bijimin nan yana wuri ɗaya ne kawai, a gidajen mutum goma sha uku da kake wucewa kullum kana amsa gaisuwarsu. Kowa nasa ya yi ƙasa, na sani. Amma bijiminsu ne. Suna da iko su san yana mutuwa tun yana da sauran numfashi, su zaɓi abin da za su yi. Kai kana tsaron fuskarka, su shanunsu ne za su yi shekara ba maraƙi.

Jirko zai zo da ƙafa ta daji, wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe kafin ruwa ya buɗe. Na ba shi ɓawo biyu. Wannan naka ne. Ɗayan an rubuta sunan Baba Kosnata a bayansa, kuma komai yana ciki. Na ce ya kwana uku a ƙauyen. In rana ta uku ta yi ba ka je da bakinka ba, ya miƙa. Kada ka roƙe shi, na sa ya sumbaci gicciye.

Ka ji haushina in kana so. Ni na goye ka, zan iya ɗaukar haushinka.

Yayarka, Milusha.

Daga Radko zuwa ga Yaya Milusha

Gaisuwa da rusunawa. Ban san ranar da wannan zai same ki ba. Zan ajiye shi sai kwalekwalen farko. Amma ina so in rubuta tun ban fara gyara labarin a kaina ba.

Ba zan ce miki na tafi nan take ba. Rana ta farko na roƙi Jirko. Rana ta biyu na je har ƙofar Baba Kosnata, ya fito, na tambaye shi ko yana da aron dutsen wasa wuƙa. Ya ba ni. Rana ta uku Lahadi ce. Da safe na shiga ɗakin shanu, Buyan ya yunƙura sau biyu ya kasa tashi, ya kwantar da kai a kan bunu yana kallona.

Bayan an fito coci mutane suna tsaye a fili, Jirko yana jingine da shinge, hannunsa cikin riga. Na ce, "Baba Kosnata, ku zo ku ga bijiminku." Sudila ya ce, "A kawo sanda ko?" Na juya na kama hanyar gida.

Gari duka ya biyo ni. Na zare sakata na buɗe. Rana tana shigowa ta jinka ta sauka a kansa, ba abin da ya ɓuya. Saman ɗaki wayam, sai igiyoyin dammuna a ƙasa, kowane gida da ƙullinsa.

Yaya, da sun dake ni da na ji sauƙi. Na faɗi komai ina tsaye a bakin ƙofa, tun daga dami biyar na farko. Da na zo wurin rami, matar Sudila ta rufe baki da hannu ta ce, "Ashe abin da muka ci ke nan." Wani daga baya ya ce, "Ga wanda ba ƙauyen da ke da irinsa." Ba a yi dariya ba.

Baba Kosnata ya shiga ya durƙusa, ya ɗaga leɓen Buyan ya duba dasashi, ya ja fatar wuya ya saki. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da ka zo mako huɗu da suka wuce, da runguma ɗaya-ɗaya ta isa. Yanzu sai mun cire daga bakin shanunmu." Ya miƙe ya ce a kawo igiya da fata. In aka bar shi kwance kwana biyu ba zai sake tashi ba.

Mutum goma suka ɗaga shi, aka zura masa fata ta ƙarƙashin ciki aka rataye a jikin azara, ƙafafunsa suna taɓa ƙasa. Na kai hannu zan kama igiya, Sudila ya ture hannun da kafaɗa, bai ko kalle ni ba.

Na ce su ɗauke shi su kai gidan wani. Baba Kosnata ya ce, "Da wace ƙafar zai je? Layinka ne har ranar Yuri. A nan zai zauna." Sai dai sun yanke cewa ba zan ƙara taɓa abincinsa ba. Kowace rana gida ɗaya zai kawo, matar gidan ta ba shi da hannunta, ta tsaya sai ya cinye. Ni nawa ɗebo ruwa da kwashe kashi.

Haka ake yi yau kwana tara. Sukan shigo su gaida Dobrava, su wuce ni kamar turke. Wata ta kawo ingirici a cikin zane, wata ɓawon itace da ta daka, wata ƙaiƙayi da ta jiƙa da ruwan ɗumi. Matar liman ta kawo ciyawar katifarsu. Na san abin da kowace runguma take nufi, domin in na wuce gidajensu ina jin kukan shanunsu.

Ranar da layi ya zo kan Inna Gostena, ta zo da dami huɗu a bayanta, tana tafiya tana hutawa. Na san abin da ke rumbunta, ni na taya ta jerawa da kaka. Saniya ɗaya gare ta, Belka, tsohuwa kamarta, kuma dami huɗun nan kusan su ne ƙarshe. Na tare ta a ƙofa na ce, "Inna, don Allah ki mayar. Belka fa?"

Ta ce, "Matsa, ɗan Hotan. Ba kai na kawo wa ba."

Na ce gidaje goma sha biyu sun isa.

Ta ce, "In Belka ta rayu babu bijimi, me zan tatsa baɗi? Hawaye? Matsa, bayana yana ciwo."

Ta zauna a kan akurkin kaji tana ba shi ganye ɗaya-ɗaya, tana yi masa magana kamar jariri. Da za ta tafi ta tsince jan zarenta daga ƙasa, na da da na yanzu, ta naɗe a yatsa. A bakin ƙofa ta ce, "Hantar dai ta yi daɗi. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan."

Jirko ya miƙa mini ɓawonki na biyu, ban buɗe ba, na sa a wuta. Ban ji haushinki ba. Ki gaya wa Stoyan na ji abin da ya yi, ban san da wane baki zan gode masa ba.

Buyan ya fara tuƙa. Jiya ya ɗora nauyinsa a kan ƙafafun baya na ɗan lokaci. Saura kwana goma sha tara, kuma ƙanƙara ba ta bar filin kiwo ba tukuna.

Ƙaninki, Radko.

Daga Radko zuwa ga Yaya Milusha

Gaisuwa. Kwalekwale zai tashi gobe, ga wannan tare da wancan.

Ranar Yuri an kwance fatar. Buyan ya yi tangaɗi, ya tsaya, ya fita da ƙafarsa har fadama. Baba Kosnata ya ce nan da wata ɗaya zai yi aiki.

Daga nan maza suka bi gida-gida ɗaga shanun da yunwar hunturu ta kwantar, kamar kowace shekara, wasu a ƙaho wasu a wutsiya. An bar ni na bi. Duk sun tashi, har tamu. A gidan Inna Gostena ni ke riƙe da wutsiya. Sau uku muka ɗaga Belka, sau uku tana zubewa. Za mu yi na huɗu Inna ta ce, "Ku bar ta, ta gaji." Ta duba mu ɗaya-ɗaya, ta tsaya a kaina. "Radko, kai ka iya wuƙa."

Na yi. Ita ta riƙe mata kai.

Washegari na ce wa Dobrava zan kai wa Inna saniyarmu. Ta dubi yara, sannan ta je ta kwance igiyar da kanta. Bana ba nono a gidanmu.

Na ƙwanƙwasa, Inna ba ta buɗe ba. Na ɗaure saniyar a shingenta na dawo. Yau kwana biyu ke nan, ba ta aiko a ɗauke ba, ba ta kuma ce mini komai ba. Da safen nan Dobrava tana rijiya ta hango Inna ta buɗe bakin saniyar tana duba haƙora.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki, Radko.